Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinonin Lafiya na Jihohin Arewa: A Riƙa Tambayar Mai Hawan Jini Ko Yana Samun Barci

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, na rubuto ne a kan magana guda, wadda ba ta buƙatar sabon gini, ballantana bikin aza harsashi a gaban 'yan jarida. Roƙona shi ne, duk inda ake auna hawan jini da suga da awon ciki a asibitocinku, a riƙa tambayar majinyaci halin da ransa ke ciki. Duk kuma inda ake duba masu larurar ƙwaƙwalwa, a riƙa auna musu jini da suga da nauyi. Na daɗe ina aiki a ƙananan asibitocin karkara kafin in ajiye aiki, abin da ido ya gani ne ya sa ni wannan karambani, ku gafarce ni idan harshena ya yi kaifi a wani wurin.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin duba marasa lafiya ranar kasuwa ya san wannan baiwar Allah, domin kowane gari da irinta. Za ta zauna ta ce kanta yana ɗaukar zafi tun daga tsakiya har ƙeya, wani abu yana mata yawo a jiki kamar kiyashi, gabanta yana faɗuwa babu gaira babu dalili, ƙirjinta ya yi nauyi, abinci ba ya mata daɗi a baki. Sai a rubuta mata gwaji. Ta dawo da takardar gwajin Widal, wanda kowane likita ya san ba abin dogaro ba ne idan shi kaɗai aka yi, musamman a ƙasa irin tamu da mutane da yawa jininsu ya riga ya saba da ƙwayar cutar. A ce taifod ne da maleriya. A yi allurai, a ɗaura ƙarin ruwa leda biyu. Ta kuwa ji dama-dama, don ta samu kwana biyu a kwance babu surfe babu ɗaukar ruwa, dangi sun zo dubiya an yi mata sannu. Bayan wata guda ga ta nan ta dawo. A zuwa na uku a ce olsa ce. Katinta ya cika ya batse, an ƙara masa takardu har an ɗinke da zare, kuɗin akuyarta sun ƙare a kyamis, amma babu wanda ya taɓa ce mata: "Baiwar Allah, yaushe rabonki da barci har asuba? Me ke faruwa a gida?" Da an tambaya, da an ji cewa tun daminar bara aka ɗauke maigidanta a gona, ko ta binne 'ya'ya biyu a jere, ko kuwa tana zaune a gidan da ba a yi mata magana sai za a zage ta.

Wannan mata ba ƙarya take yi ba, ba kuma raki ba ne. Zafin da take ji a jiki na gaske ne. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo zuwa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol a cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zubo suga, ciki ya rage narkar da abinci, tsokar wuya da kafaɗa su ɗaure. Allah ya tsara wannan ne domin mutum ya tsere wa haɗari, in haɗarin ya wuce komai ya koma daidai. To ina ga mutumin ƙauyen Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato da ke kwana da takalmi a ƙafa, ko wanda ya baro gidansa a Borno shekara goma yana sansani, ambaliyar Alau ta 2024 kuma ta sake cin ɗan abin da ya tara? Shi nasa haɗarin ba ya wucewa. Jikinsa kullum a ɗame yake. Irin wannan ne za a ba shi maganin hawan jini daidai ƙa'ida, ya dawo awo jinin yana sama, a ƙara masa ƙwaya, a yi masa faɗan gishiri, alhali rabonsa da barcin kirki shi kansa ya manta.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake yi tunani ne ke kawo kowace cuta ba. Hawan jini yana da gado, yana da gishiri da ƙiba da shekaru. Gyambon ciki ma da muka tashi muna ji ana cewa damuwa ce da yunwa, likitoci biyu 'yan Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun nuna cewa mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, har aka ba su kyautar Nobel a 2005, saura kuma yawanci magungunan kashe zafi ne da ake sha barkatai. Malamin asibitin da zai kalli mai ciwon ƙirji ya ce "tunani ne kawai, je ka huta" ba tare da ya ɗora masa abin awo ba, ya fi wanda bai tambayi majinyaci damuwarsa ba haɗari. Abin da nake nema shi ne a duba duka biyun a zama ɗaya.

Hanyar kuma ba ɗaya ba ce, tana zuwa tana dawowa. Bincike da dama da aka tattara sun nuna cewa mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi wajen yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa, kuma kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki sukan faɗa cikinsa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga magidanci mai ciyar da mutum goma sha, jiya yana kasuwa, yau sai an kama shi an kai shi bayan gida. Abin da ya kamata ya dame ku a matsayinku na masu riƙe da kasafin lafiya shi ne abin da ke biyo baya. Wanda ransa ya mutu ba ya shan magani a kan lokaci, ba ya zuwa gashin ƙashi, ba ya kiyaye abinci, yana cewa "na mene ne?" Sai sugan ya haura, ƙafa ta yi gyambo, ƙoda ta taɓu. Kuɗin wankin ƙoda na wata guda da gwamnatocinku ke ta fafutukar tallafawa zai isa a horar da ma'aikata da yawa su gane irin wannan majinyaci tun yana zuwa da ƙafarsa.

Bari in taɓo wani abu da ake jin nauyin faɗa. Ciwon suga yana raunana mazakuta, wasu daga cikin magungunan hawan jini ma suna yi. Magidanci ba zai faɗi wannan a gaban layin mutane ba, ballantana idan 'yar cikinsa ce ke rubuta kati. Sai ya shiga zullumi, ya fara zargin an yi masa sammu, gida ya ɗauki zafi, ya daina shan maganin asibiti a ɓoye, ya koma wajen mai tallan maganin maza a bayan mota da lasifika. Bayan wata shida a kawo shi ranga-ranga. A takarda za a rubuta cewa bai bi umarnin likita ba. Tambaya ɗaya a keɓe, da sauya ƙwaya ɗaya, da sun iya hana wannan duka.

Akwai kuma waɗanda cutar jiki ce ke shigowa da rigar taɓin hankali. Halittar nan ta maƙogwaro da kan kumbura ta zama maƙoƙo, idan aikinta ya yi ƙasa mutum kan zama mai kasala da mutuwar zuciya, idan ya yi yawa sai fargaba da rawar hannu da rashin barci. Ƙarancin jini yana kawo gajiya da faɗuwar gaba. Wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki da na tarin fuka mai taurin kai suna kawo mugayen mafarkai da ruɗewa. Ga 'yan matanmu da ke shan deksametason don su yi ƙiba kafin biki, ba su san yana tayar da suga da jini, yana kuma birkita yanayin mutum ba. Masu amosanin jini, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, suna tasowa da azabar ciwo da gori, a ƙarshe wasu su maƙale wa allurar kashe zafi, mu kuma mu kira su 'yan ƙwaya. Lebura ma da ciwon baya ya fara shan taramol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. Ba dukansu ne suka fara don nishaɗi ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne ɗakin awo da ɗakin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da larurar damuwa bayan haihuwa. Mu a nan mai jego tana da ruwan zafi da kunun kanwa da gasasshen nama idan da hali, amma idan ta zauna tana hawaye ba ta son ɗaukar jaririn, sai a ce kishi ne, ko shagwaɓar haihuwar fari, ko iska ta shafe ta. Uwar da ranta ya yi duhu nononta ba ya samun tsotso yadda ya kamata, ba ta da kuzarin bin yaro da kunu, ba ta yi masa wasa, ranar rigakafi ta wuce ba ta sani ba. An yi bincike a ƙasashe da dama an ga 'ya'yan irin waɗannan iyaye sun fi saurin ramewa da tsumburewa. Ku shiga kowace cibiyar kula da masu tamowa a Katsina ko Jigawa ko Yobe, ku bar kallon yaran na ɗan lokaci, ku kalli fuskokin iyayen. Talauci ne tushe, wannan babu musu. Amma muna auna damtsen yaro da tef, mu ba shi abincin gyaɗa na leda, mu sallame shi ya koma hannun uwar da ita kanta ba ta iya tashi daga tabarma, sannan mu yi mamakin ganinsa ya dawo. Alhali ƙa'idar jinyar tamowa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa, cikin matakanta goma akwai wasa da yaro da nuna masa kulawa. Wa zai yi wannan idan ba uwar ba?

A nan ma sai an yi hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yadda ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, zuciyarta ce ke neman agaji, ba lallashi take buƙata ba. Ungozomar da aka horar da kyau ita ce za ta bambance wannan da waccan, ta kuma san cewa mace ɗaya tana iya haɗa su biyun. Masu yoyon fitsari kuwa, waɗanda ake yi wa aiki a Babbar Ruga da Kano da Jahun, ɗinki yana tsayar da yoyo, amma shekarun da mace ta yi ana toshe hanci idan ta wuce, an sake ta, an ware mata kwano, wannan ba ya ɗinkuwa a ɗakin tiyata.

Sai ɗaya gefen, wanda kusan babu mai magana a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani suna riga sauran jama'a mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma yawanci cututtukan jiki ne da ake iya magancewa ke kashe su: zuciya, suga, tarin fuka da makamantansu. Wasu daga cikin magungunan da ke kwantar musu da hankali, irin su olanzafin, suna sa ƙiba da hawan suga, don haka dole a riƙa awo. Amma da zarar an san mutum yana karɓar maganin ƙwaƙwalwa, ko ciwon ciki ya kawo babban asibiti sai a ce "ciwon nasa ne ya motsa", a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware ko Barnawa ko Maiduguri, tafiyar da kuɗin motarta kaɗai ya isa ya sa dangi su haƙura su koma gida. Wasu daga nan sai gidan mari. Duk mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Na san za a ce jama'armu ba sa karɓar irin wannan magana, za su ce rashin tawakkali ne. Ni ban yarda addini ne ya hana ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, alaihis salam, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, babu kuwa wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, idan an yi rasuwa, saboda ta ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana kuma rage baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi littafi sukutum a kan kula da jiki da rai tare, yana ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun tattara hankalinsu a kan jiki kawai. Al'adarmu ce ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muka riƙe wannan har ya zama mutum ya gwammace ya haɗiye abin da zai kwantar da shi. Malamai da limamai za su taimaka idan an jawo su. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa ma'aikatan lafiya da masu maganin gargajiya da na addini a Ibadan da Kumasi, sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna majinyatan sun fi samun sauƙi. Mai ruƙiyya ya yi addu'arsa, amma ya san lokacin da zai ce a tafi asibiti.

Za a kuma ce babu likitoci. Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, mafi yawansu kuma suna manyan birane, wasu na haɗa jakar tafiya waje. Idan jiransu za mu yi, jikokinmu ma ba za su gani ba. Amma wannan aikin ba nasu ba ne su kaɗai. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a cikin gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, tare da danginsu, duniya ta zo tana koyo, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2008 hukumar ta fito da shirin mhGAP domin koya wa nas-nas da jami'an lafiya na matakin farko gane waɗannan larurori da magance su. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, su taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar abin yana aiki. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, mata ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida aka koya wa tattaunawa da masu ciki da masu jego, bayan wata shida masu damuwa a cikin waɗanda aka bi ba su kai rabin na ɗaya rukunin ba. Al'umma ce ta Musulmi masu kulle da kunya irin tamu. Mu da muke da dubban mata da suka shiga kowane lungu da zaure a yaƙin shan inna, me zai hana?

Ta fuskar doka ma ba ku da uzuri, ranku ya daɗe. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawa. Amma Abuja ba ta da asibitin sha-ka-tafi a ƙauyenmu. Ku ne da hukumominku na matakin farko ke da su, ku ne ke buga kati da rajista, ku ne ke tura ma'aikata.

Rajistar nan ita ce makama. Ma'aikaci yana yin abin da za a tambaye shi a rahoton ƙarshen wata, abin da babu gurbinsa a takarda kuwa ko an yi bita goma a otal, an raba jaka da alawus, ba za a yi shi ba. Akwai tambayoyi biyu da aka daɗe ana amfani da su a duniya: cikin mako biyun da suka wuce, ko ka ji abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fita daga ranka? Ko ka ji ranka a ɓace, ko ka ji ka yanke ƙauna? Ni zan ƙara ta uku, ta barci, domin Bahaushe ya fi sakin baki ta nan. A mayar da su Hausa da Fulatanci da Kanuri yadda tsohuwa za ta gane, a buga su a katin awon ciki da na masu hawan jini da suga da tarin fuka, a ba su gurbi a rahoto. Minti biyu ne. Amma fa kada a sa mutane su buɗe cikinsu sannan a bar su haka. Dole a samu mutum ɗaya aƙalla a kowane asibiti da aka horar ya ɗora daga nan, da lambar likitan da zai kira idan abin ya fi ƙarfinsa, musamman idan majinyaci ya ce rayuwar ta ishe shi. Dole a samu magungunan ciwon damuwa, amitiriftilin da fuluwoksetin, a asusun jujjuya magunguna, su da ke cikin jerin muhimman magunguna kuma ba su da tsada, don kada a ci gaba da miƙa wa kowa ƙwayar barci ta bilyam yana sha har ya kasa rabuwa da shi. A kuma samu ƙofa mai rufuwa, ko da labule ne, a ce wa uwar miji ta ɗan jira a waje. Babu matar da za ta faɗi damuwarta alhali damuwar tana tsaye a kanta riƙe da jaka.

Kada a manta da su kansu ma'aikatan. Nas ɗin da ta kwana ita kaɗai da masu naƙuda huɗu da fitilar waya, albashinta bai kai ƙarshen wata, idan ta daka wa majinyaci tsawa da safe ba lallai mugun hali ba ne. Wasunsu ma ba su taɓa auna nasu jinin ba.

Ban ce a fara ko'ina lokaci guda ba. Kowannenku ya zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya, ya fara da ranar awon ciki da ranar masu hawan jini da suga, a sa na'urar awon jini da ta suga da sikeli a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na babban asibitin yankin, bayan shekara a ƙirga mutum nawa suka ci gaba da zuwa karɓar magani, a kwatanta da maƙwabciyarta. Idan kun haɗu a taron Majalisar Lafiya ta Ƙasa, sai kowa ya baje abin da ya samu. Kuɗin horarwar da buga katin ina roƙon a sa su a kasafin baɗi da sunansu, kada a jira masu ba da tallafi daga waje.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naku,
Tsohon jami'in lafiya na matakin farko